Buhunan Dusa da Aladun Leah

Dominic Sila,
Unguwar Rikoto, Zuru.
8 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'i,
Shirin Shara Maganin Guba,
Reshen Zuru.

Ranka ya daɗe,

Game da: Buhunan da Shirinku ya bari a bakin rafinmu

A ranar 13 ga Janairu kun sanar da mu, da lasifika, cewa zamanin guba ya ƙare a ƙasar Zuru. Kun ce maganin feshin da manoma ke wankewa a rafi, ƙwayoyin halitta za su cinye shi, muddin an ba su masauki cikin buhunan buntun shinkafa da gawayi da dusar burkutu. Mun tafa, aka jefa buhunan a rafi. Cikin ladabi nake gabatar da abin da ya biyo baya.

1. Masananku sun sa dusar burkutu a sahun shara. A Rikoto abincin alade ce, kuma kowane alade ya san haka ko da bai je jami'a ba. Ba a tambayi kowa ba.

2. Ranar 2 ga Maris ma'aikatanku suka tsamo buhunan da suka sha gubar suka ƙoshi, suka jibge su a gaɓa, aka ɗauki hoto, mota ta tafi. Da rani kuwa dabbobinmu a sake suke.

3. Aladun maƙwabciyata Leah Joel, wadda mijinta soja ya rasu a bakin aiki, suka bi warin dusa suka yage buhunan. Biyar sun mutu. Saura uwarsu kaɗai, tana ɗaure, ba ta cin abinci. Na shaida cewa gubar ta bar ruwa kamar yadda kuka alkawarta. Inda ta koma ne ba ku faɗa ba.

4. Sau biyu na zo ofishinku, aka ce kuna taron bayyana nasara a Birnin Kebbi.

Don haka ina roƙon a kwashe sauran buhunan kafin ruwan farko ya mayar da su rafi, a turo likitan dabbobi, kuma wani mai muƙami ya zo ya dubi Leah a ido.

Kada a damu da mushen. Mahauta sun taya, Leah ta hana, don kada wani ya ci. Ita kaɗai ta haƙa rami nesa da rafi ta binne su, sannan ta fara jan buhunanku zuwa tudu da hannunta. Hannun ya saɓule. Ba ta ce a rubuto muku ba.

Naku cikin girmamawar da ta rage,

Dominic Sila