Zan Kai Duna Sakkwato

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Hadiza da yara? Mu nan Masama lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Maganar Duna ce, karenka da ka bar mini amana. Tun bayan girbi yake tari, in ya biyo ni gona sai ya kwanta a hanya yana haki. Kawu Sani ya ce ƙayar kifi ce ta maƙale masa, muka yi ta ɗura masa manja a banza. Sai na kai shi wurin likitan dabbobi a Kalgo. Ya ɗora masa abin sauraron ƙirji, sannan ya sa mini a kunne. Yaya, bayan kowane bugu sai ka ji "fuu", kamar tayar keke tana sacewa. Ya ce wani karen yakan rayu lafiya da wannan sautin, amma tunda tari da haki sun shigo, dole ƙwararre a Sakkwato ya ɗauki hoton zuciyar.

Direbobin tasha sun ƙi ɗaukar mu, wai kare ba ya shiga motar mutane. Kawu har da dariya: "Kare a asibiti?" Ban tanka ba don girmansa, amma ranar da Duna ya kori ɓarayin tumakinsa ba dariya ya yi ba. Na ɗaure kwando a bayan babur, gobe da sanyin safiya za mu kama hanya.

Ka sa mu a addu'a, ka gai da kowa. In ka zo Sallah, da yardar Allah shi zai fara tarbar ka a bakin gari.

Ƙanenka,
Umaru