Sandar Fatsata da Ragunan Habu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Anti Hajara da yara? Da fatan ƙafar nan taka ta yi sauƙi. Mu nan Gumel lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Kayan sandar fatsa da ka aiko mini, sati uku na yi ina haɗa su. Na saka baƙin mariƙin nan marar nauyi da ake ce wa kabon, na ɗaure zobban da zare ke bi ɗaya bayan ɗaya, na shafe su da gam, na jingine ta a zaure ta bushe.

Ranar Alhamis ina kasuwar Maigatari, maƙwabcinmu Habu ya ɗauke ta ya je kakkaɓo wa ragunansa gawo. Ya dawo da ita, kan sandar a karye. Da na yi magana sai ya bushe da dariya, wai: "Sandar da ta kasa gawo ce za ta ja kifi?" Ko haƙuri bai ba ni ba.

Yaya, wallahi ban yafe ba. Mariƙin yana nan lafiya, don Allah ka aiko mini da wani kan. In na gyara ta, kogin Haɗeja zan nufa. Tarwaɗar da na kamo, a jikin katangar Habu za a soya ta, ƙamshi ya cika masa gida. Sannan in aika masa kwano a rufe, kamar yadda aka saba. Ya buɗe ya tarar da ƙaya zalla.

A sa ni a addu'a kifin ya kamu. Inna tana gaishe ku.

Ƙaninka,
Usman