Ba Wanda Zai Ɗauke Mini Ita Jinya

Zuwa ga Gwaggo Sa'a, mai filin shawarwari,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi sauri, don da an gama ɗaurin gero surukaina za su zo su ɗauke mini mata. Ni ba mai kai kuka ba ne. Tun da nake ban taɓa rubuta wa jarida ba, amma wannan karon abin ya kai ni bango.

Bari in faɗa miki ko ni wane ne, don kada ki ɗauka wani rago ne ke magana. Na yi lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, na kai aji uku na kwaleji mahaifina ya rasu, ban zauna jarrabawar birebe ba. Na fara facin keke a bakin tasha da famfon aro. Daga faci na koyi walda, daga walda na shiga ƙera amalanke. Yau in kika tsaya a hanyar Maijirgi ranar kasuwa, cikin amalanken jakin da za su wuce ki, da yawa daga hannuna suka fito. Gidan da nake ciki ni na gina shi, ban gaji ko tubali ɗaya ba. Ba alfahari nake ba, abin da ya faru ke nan.

Matata, Hajiya, mun haura shekara arba'in tare. Bara tana tankaɗe a tsakar gida ta faɗi. Likita ya ce tansiyo ce ta hau, wato hawan jini. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya ɗan karkace. Magana ta dawo, amma a nannaɗe take fitowa, ni kaɗai nake gane ta sosai. Ni ma ba lafiyayye ba ne, ina da ciwon suga, ga ƙaba da na samu tun zamanin ɗaga ƙarfe. An ce a yi mini aiki, na ce sai Hajiya ta miƙe.

Kada ki zaci zaman makoki muke yi a gidan nan. An hana ta gishiri, an hana ni sukari, sai muka zama ƴan sandan juna. In na haɗa shayi na juya mata baya don in jefa ƙwaya biyu, sai in ji ta buga sanda a ƙafar gado. Ban san yadda take ganewa ba. Ni kuma na kama ta da gishiri a ƙulle a bakin zane. Da hannu ɗaya da haƙora ta ƙulle shi, Gwaggo! Ranar mun yi dariya har ta sarƙe. Wata rana kuma mu wuni ba mai yi wa wani magana saboda na dama koko da gudaji. Haka dai muke, yau daɗi gobe tsiya.

Ƴaƴanmu mata suna gidajen aurensu, ɗaya Damagaram ɗaya Agadas. Babbar ta zo ta zauna da mu har ƴaƴanta suka fara lalacewa da rashin uwa, ni da kaina na ce ta koma. Gazali, namijin, yana aiki a Yamai, yana kira kullum. Saboda haka ni ne komai. Na bar wa abokin aikina garejina na walda. Ni ke kai gero inji, ni ke wanke mata zannuwa, ni ke yi mata wanka, ni ke ɗaukar ta in kai ta bayan gida in dawo da ita. Ba ta da nauyi. Sau ɗaya kawai muka taɓa faɗuwa, wajen tsakiyar damina, a ƙofar bayan gida. Ƙabar ce ta murɗa ni, na durƙusa da ita a hannu, na ɗan jima ban iya tashi ba. Ko ƙwarzane ba ta yi ba, kuma ba wanda ya sani sai ke yanzu.

Na ƙera mata kujera mai taya da ƙafafun keke, na yi mata fenti kore, har da ƴar rumfa ta tare rana. Babu irinta a duk yankin nan. Da yamma nakan tura ta mu bi ta gaban masallaci mu zaga ta bakin kasuwa. Ita dai takan ja mayafi ta rufe fuska, kin san mata. Ni kuwa kaina a sama yake. Jibo mai shayi ya sa mini suna ungozoma, na majalisa suna ce mini mijin Hajiya. Na ce musu e, mijinta ne, da shaidu aka ɗaura, wanda ya ga an ɗaura da shi ya fito.

To ga inda matsalar take. Ƙanenta Ishaƙu ya zo daga Kanan-Bakashe ya zauna mini a zaure yana karanta mini al'ada. Wai mace in ciwo ya yi tsawo gidansu take komawa jinya, mata ƴan'uwanta su kula da ita. Wai abin kunya ne a ji ƴar gidansu namiji ke wanke ta. Mutanen nan fa su ne suka hana ni ita da farko, don ni ɗan faci ne, su kuwa kakansu ya riƙe takobi tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan. Takobin na nan rataye, tsatsa ta cinye shi. Na ce wa Ishaƙu lokacin da take da ƙafa biyu tana kai musu goro da sabulu ba wanda ya ce ta dawo gida. Na ce masa daga can zuwa gidan likita rairayi ne zalla, in ciwo ya tashi a kan me za su kawo ta, in ba a kan amalanken da na ƙera ba? Ya tashi ya kaɗe riga ya ce da an gama girbi zai dawo da manya.

Bayan nan sai suka aiko wai ƙanwarta Kadijatu, wadda mijinta ya rasu, ta zo ta zauna da mu ta taya ni. Na ce a gode mata. Na san wannan dabarar. Yau ta zo taya jinya, gobe a ce ai ga shi nan ya kasa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Hajiya ta daina shan ruwa. Tun wajen tsakiyar damina abin ya fara, yanzu ya yi tsanani, ga zafin kaka. Matar da ba ta wuni ba fura, yanzu in na kai mata sai ta kau da kai. Koko cokali kaɗan ta ture. Magani ma a bushe take haɗiye shi. Leɓenta duk ya tsage, idanu sun faɗa. Na ce ko ruwan rijiyar ne ya canza, na sayo na leda. Na sayo sabuwar randa mai sanyi. Na lallashe ta, na yi faɗa, har na rantse ni ma ba zan sha ba sai ta sha. Sai ta juya fuska bango. Na tambaye ta dalili, ta ce ba ta jin ƙishi. Ƙarya ne, na ga yadda take kallon moɗa.

Har na fara zargin ko Ishaƙu ne ya zuga ta, don ta rame su samu hujja. In ya zo da manya suka same ta haka, mi zan ce musu?

Abu biyu nake so. Ki gaya mini dabarar da zan yi ta sha ruwa, kuma ki gaya mini yadda zan mayar da Ishaƙu inda ya fito ba tare da zumunci ya tsinke ba. Amma kada ki ce mini in haƙura su tafi da ita. Wannan ko sarki ya aiko ba zan ji ba. A ɗakin nan ta shigo tana yarinya, kuma ina da rai ba mai fitar da ita.

Naki,
Mai Amalanke, daga wajen Maijirgi

*

Baba Mai Amalanke,

Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ba zan ce ka bari a tafi da ita ba. Amma kafin komai, ka kai Hajiya gidan likita a cikin makon nan, kada ka jira girbi ko Ishaƙu. Tsohuwa mai hawan jini da ba ta shan ruwa a wannan zafi tana cikin haɗari na gaske. Ka gaya musu tun yaushe abin ya fara, kuma kada ka rage komai.

Yanzu ka sake karanta wasiƙarka. Ka ce kun faɗi a ƙofar bayan gida wajen tsakiyar damina. Can ƙasa ka ce ta daina shan ruwa tun wajen tsakiyar damina. Kai ka rubuta su nesa da juna, ni kuma na ga abu ɗaya ne. Hajiya ta gan ka a durƙushe kana riƙe da mara ka kasa tashi, ita kuma ba ta da hannun da za ta ɗaga ka. Sai ta yi lissafinta: in ba ta sha ba, ba sai an ɗauke ta ba. Ban ga fushi a nan ba, ban ga zugar Ishaƙu ba. Matarka jinyarka take yi da abu ɗaya da ya rage a ikonta. Likita zai duba ko akwai wani dalili, kamar wahalar haɗiya, amma ni dai ga abin da na karanta.

Game da Ishaƙu, kana da gaskiya a wuri biyu. Babu laifi ko kaɗan miji ya wanke matarsa, lada ce, kuma masu yi maka dariya a majalisa da yawansu ba za su iya wuni ɗaya na abin da kake yi ba. Nesanta ta da gidan likita kuma ba dabara ba ce. Amma al'adar da yake faɗa ba don wulaƙanci aka kafa ta ba. Mutanen da sun san jinya ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma sun san akwai abin da mace irin Hajiya ta fi sakin jiki a yi mata shi da hannun ƴar'uwarta, ko da mijin shekara arba'in ne. Maganar faci da takobi ta wuce, Baba. Ka riga ka ci wannan gardamar tun ranar da aka kawo maka amarya. Kada ka sake yin ta a kan gadon mara lafiya.

Akwai kuma abin da ban gani a wasiƙarka ba. Ka faɗi ra'ayinka, ka faɗi na Ishaƙu, har na Jibo mai shayi ka faɗa. Ban ga inda ka tambayi Hajiya ba. Tun da kai kaɗai ke gane maganarta, nauyi ne a kanka kada ka fassara ta yadda ranka ke so. Ka zauna ka tambaye ta a natse: tana son Kadijatu ta zo? Tana son yawon yamma ta gaban masallaci, ko kai ne ke so? Mai rufe fuska da mayafi wataƙila akwai abin da take faɗa. Ka jure wa amsar ko ba ta yi maka daɗi ba.

Ga abin yi. Ka aika wa Kadijatu da kanka, tun kafin su zo. In kai ka kira ta, baƙuwarka ce, ba wanda zai ce ka kasa. Wanka da bayan gida ka bar mata. Koko, magani, hira da gadin gishiri naka ne, ba mai karɓe maka. Tana nan kuma ka je a yi maka aikin ƙabar nan, don in ta murɗe ka kwanta, ranar ba mai hana a ɗauke Hajiya. Ishaƙu kuwa ka kira shi ka ce ka ji maganarsa, ka ɗauki rabinta: ƴar'uwarsu za ta yi jinya, amma a ɗakin Hajiya. Da wuya manya su ƙi wannan.

Sannan ka koma gareji. Ka riga ka ƙera kujerar da gari zai gani, saura wadda ba mai gani sai ita. Ka yi mata kujera mai rami da bokiti a ƙasa, daidai tsayin gado, da ƙarfen dafawa a ɓangaren hagu, inda hannunta ke aiki, yadda za ta matsa kanta ba sai an ɗaga ta ba. Ba ta buƙatar fenti. Ka ajiye ta kusa da gadon, ka gaya mata ka gane, kuma daga yau ba za ka ƙara ɗaukar ta ba. Sai ka aje moɗa inda hannunta zai kai, ka fita tsakar gida ka ba ta wuri.

Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa a yi maka aiki a sa'a, ya bar ku tare a ɗakin nan kuna faɗa kan gudajin koko. Ƙwaya biyun nan ta shayi kuma ka bar ta, ina bayan sandar Hajiya.

Gwaggo Sa'a