Saura Babi Ɗaya

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya Mama da ƙafarta? Muna lafiya, sai dai maigidan yana wuni wurin aiki, ni kuwa daga taga sai gado.

Albishirinki, ina da juna biyu! Don godiya ga Ubangiji na kwashe littattafan soyayyata kaf na kai wa wata 'yar cocinmu da ke kwance a asibiti. Ban yi da-na-sani ba, amma ɗakin ya yi shiru, na kasa zama wuri ɗaya. Har mai jan bangon nan na haɗa, saura babi ɗaya in gama, kuma kyauta ba a karɓo ta.

Ke kin karanta shi. Don Allah, matar ta koma gida kuwa?

Ubangiji ya kiyaye ku.

Ƙanwarki