An Bar Ni a Benci, Aka Gaya wa Yayana

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Asibiti,
Ta hannun Shugabar Sashen Masu Ciwon Daji.

Daga:
Majinyaciya a Ɗakin Kemo na Mata,
tsohuwar mai buga takardu a kotu.
Lambar katina tana jikin kwafin da na maƙala a baya.

14 ga Oktoba, 2024.

Game da: Ɓoye mini matakin da ciwon dajin nonona ya kai, da ɗora ni a kan magani ba tare da an ji ta bakina ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da ofishinka, ina gabatar maka da wannan ƙorafi cikin hankalina. Babu wanda ya sa ni, babu wanda ya tsara mini. Na ƙare aikina ina buga koken wasu, don haka na san kwandon da yawancin irin waɗannan takardu ke ƙarewa a ciki. Duk da haka ga tawa. Idan ka ga harafi ya kauce, a yi mini uzuri, maganinku ya sa kan yatsuna ya daina ji.

1. A ranar 6 ga Yuni na zo asibitinku da ƙafata, saboda wani ƙullutu da na ji a nonona na hagu ina cikin wanka. Aka ɗauki hoton nonon, aka soka allura aka ɗebi ɗan nama don gwaji. Ranar 27 ga watan aka ce ciwon daji ne. Ni aka gaya wa, ido da ido, kuma ma'aikatanka shaida ne cewa ban suma ba, ban yi birgima a ƙasa ba. Na nemi ruwa na sha, na tambayi abin da ya rage a yi. Aka ce sai an duba ko ya bazu, domin a san matakin da ya kai. Aka tura ni hoton ƙirji, na ciki, da na ƙashi. Duk na je, na kwanta a cikin injin nan mai ƙugi yadda aka ce in kwanta.

2. Ranar 18 ga Yuli muka dawo karɓar sakamako. Yayana ne ya rako ni, domin mijina ya rasu, kuma Yaya ke da mota. Babban likita ya leƙo daga ofishinsa, ya tsallake ni da ido, ya yafito Yaya. Nas ta ce in ɗan jira a waje. Na zauna a bencin ƙarfen da ke kallon ƙofar, ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, da jakar hotunan jikina a kan cinya, ana shawara a kaina a ciki. Da suka fito, Yaya na ta washe baki, idanunsa kuwa jajir. Ya ce sanyin ofishin ne ya shigar masa ido. Ya ce mini mataki na biyu ne, kemo sau shida, sai a yi aiki, sai gida. Babban likita na tsaye a bayansa yana gyara biro a aljihun riga. Bai ce haka ne ba, bai ce ba haka ba ne. A wurin aikina na dā, mai yin shiru a irin wannan wuri shi ma ya sa hannu ke nan.

3. Kada a ce ban tambaya ba. Na yi tambaya har nas-nas suka laƙaba mini Mama Tambaya, ina shigowa suna ƙifta wa juna ido. Na tambayi me hoton ƙashi ya nuna. Na tambayi dalilin da ya sa ba a sa ranar aiki ba. Na tambayi me ya sa ake yawan ɗibar jinina don duba hanta. Amsa ɗaya ce kullum, kamar an haddace ta: an riga an yi magana da Yayanki, ki kwantar da hankalinki. Ranka ya daɗe, yayana mutumin kirki ne, amma ba shi da nono, kuma ba a hannunsa ake neman jijiya ba.

4. An fara sa mini kemo, wato ruwan maganin daji da ake ɗurawa ta jijiya, ranar 1 ga Agusta, duk bayan mako uku. Gashina ya zube a kan matashi, farcena ya yi baƙi, bakina ya farfashe har ruwa ma ɗanɗanon ƙarfe yake mini. Na daure, ban taɓa fashin zuwa ba, saboda an ce mini shida ne, ni kuwa ina ƙirgawa. Sai daga baya na ji cewa gwajin naman da aka ɗiba ya nuna ciwona irin wanda sinadarin jikin mace ke rura wa wuta ne, kuma akwai ƙwayoyin sha da likitoci kan duba ga mai irinsa. An shimfiɗa hanyoyin biyu a gaban Yaya. Shi kuwa da ya tsufa a gyaran manyan motoci, ya ce a sa mafi ƙarfi. Ni ba likita ba ce, ban ce zaɓin kuskure ne ba. Mai yiwuwa da an tambaye ni, shi ɗin zan zaɓa. Ƙorafina shi ne ba a tambaye ni ba.

5. Wannan shi ne mafi muni, ina roƙon a karanta shi a tsanake. Tun watan Yuli nake kukan ciwon baya. Aka ce ai zaman kujerar buga takardu ne ya biyo ni, aka ba ni ƙwayar rage zafi. Ni kuma ina da jika 'yar shekara biyu, uwarta, wato 'yata, na zuwa aiki, don haka yarinyar a wurina take wuni. A bayana take barci. Da ita nake shanya, da ita nake hawa matakalar gidanmu.

Ranar 3 ga Oktoba, bayan an cire mini ruwa na huɗu, 'yata ta zo ɗaukata da yarinyar. A barandar sashen na sunkuya na saɓa ta a baya kamar kullum. Wata ƙaramar likita, sabuwa a sashen, ta sheƙo da gudu ta sauke ta, tana yi mini faɗa cewa mai ciwo a ƙashin baya ba ta goyo, ko so nake ƙashin ya karye in rasa ƙafafuna. Sai ta dubi fuskata da kyau. Ta gane ba ganganci nake yi ba. Na ce wa 'yata ta jira ni a mota. Likitar ta ja ni wani ƙaramin ɗaki da ake ajiye sandunan rataya ruwa, ta tambaye ni ko ina so in sani. Ita ce mutum ta farko a asibitin nan da ta yi mini wannan tambayar. Na ce ina so.

Mataki na huɗu ne. Ya taɓa ƙashin bayana a wuri biyu, ya taɓa hanta. Maganin da ake ba ni na tare ciwon ne da rage masa gudu, babu maganar aiki, babu maganar sallama bayan shida. An san haka tun ranar da aka bar ni a benci.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne matakalar nan. Da ƙashin ya karye ina tsakiyarta da yarinya a bayana, wa zai amsa? Tausayin da ya bar ni ina goyo da ruɓaɓɓen ƙashi, na gode, a riƙe shi.

6. Da na bi diddigi, aka shaida mini cewa haka sashen ya saba: labari mai nauyi ana damƙa shi ga namijin da ya rako majinyaciya, shi ya san yadda zai yi da shi, wai don kada zuciyarta ta karye ta ƙi magani. Ban ga inda aka rubuta wannan ba, kuma na nema. Yanzu idan na shiga ɗakin kemo ina kallon matan da ke jere a kujeru. Ta kusa da taga kullum zancenta ranar da za ta koma shagonta. Ban san abin da aka gaya wa mijinta ba. Ita ma ba ta sani ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina neman abubuwa kamar haka:

(a) Kafin ranar 24 ga Oktoba, wadda aka sa mini don ruwa na biyar, babban likita ya zauna da ni, ni kaɗai, ya buɗe hotunan a gabana, ya gaya mini abin da kemo ya yi zuwa yanzu, da abin da ƙwayoyin za su iya yi, da illar kowanne. Idan na tambayi lokacin da ya rage mini, ya faɗi iyakar saninsa. Ina sanar da ofishinka a rubuce cewa ba zan miƙa hannuna a sa allura ba sai an yi wannan zama. Ba magani na ƙi ba. Zan zo ranar, da wuri ma, in zauna a kujerata in naɗe hannu har sai an kira ni ciki.

(b) A duba bayana da gaggawa, a gaya mini abin da zan iya ɗauka da wanda ba zan iya ba.

(c) A sa doka a sashen cewa majinyaciya za a fara tambaya ko tana son sani, da wanda take so ya zauna da ita. Wadda ta ce a gaya wa mijinta ko ɗanta, ruwanta ne. Amma daga bakinta za a ji.

(d) Kada a taɓa ƙaramar likitar nan. Na ji an fara yi mata kallon banza a sashen. Idan aka yi mata canjin wuri ko aka ba ta takardar gargaɗi a kan wannan magana, takardata ta gaba ba a teburinka za ta tsaya ba.

Abu na ƙarshe. Har yau Yaya bai san na sani ba. Kullum da safe yana tsayawa a ƙofar gidana kafin ya wuce gareji, ya ɗaga mini yatsu biyu, wai saura biyu ki warke, ƙanwata. Ina amsa masa da murmushi. Ya rame ya fi ni, wata uku yana ɗauke da kayan da ba nasa ba, ku kuka ɗora masa. Don haka ina roƙo, kuma ina gargaɗi, kada wani ma'aikacinka ya kira shi a waya, kada a ja shi gefe a baranda a ce masa asiri ya tonu. Labarin jikina ne. Ni zan zaunar da shi a ɗakina, in ba shi ruwa, in gaya masa da bakina.

Ina jiran amsa a rubuce, zuwa gare ni.

Ka huta lafiya. Allah ya ƙara wa ofishinka adalci.

Taka cikin girmamawa,

(sa hannu)
Majinyaciya, Ɗakin Kemo na Mata.