Buroshin da Na Saya a Tamanraset

Zuwa ga Yaya Ɗelu, a Madarumfa.

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Mubarak yana zuwa lakol kuwa?

Ni lafiya lau, aikin gidan mutanen nan da sauƙi. Sai dai gashina, Yaya, zubewa yake. Ko ruwansu ne bai karɓe ni ba, ko rashin barci, ban sani ba. Na shiga kanti na ga wani buroshi mai ɗan karen tsada. Mai kantin ta ce, "Wannan ba ya tsinka gashi." Na rufe ido na biya. Ashe don gashin Larabawa aka yi shi. Ina sa shi ya maƙale, na ja, ya fito da gashi cike da hannu. Na zauna na yi ta kuka, ni da ko ranar tahowa ban yi ba.

Tun zuwana ba wadda ta yi mini kitso. Kullum ina leƙen titi, ina ji kamar in bi motocin Agadas in koma gida.

Idan Hamisu direba zai taso, ki ba shi matajin icce da man shanu. In Inna ta tambaya, ki ce na yi ƙiba.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanwarki,
Farida