Layi Biyu a Kan Shafin Baba

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka, ya kuma sa albarka a aikinka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana hawa bene ba mai riƙe ta, ko da yake in ta kai sama sai ta tsaya ta yi mana faɗa kamar mu muka gina shi. 'Yan biyun Yaya Babba sun fara tafiya, yanzu babu abin da ke kwana lafiya a kan ƙaramin tebur.

To Auta, ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Mutane da yawa sun ɗauka cewa ɗan bayanin da ake gabatar da shafin bulog na intanet da shi wuri ne na faɗin kyakkyawar niyya, kuma na ga kai ma ka faɗa wannan ramin. Ka tuna na gaya maka ɗalibaina na ƙungiyar karatu ba sa duba komai a waya sai barkwanci. Shi ya sa na lallaɓa mai kula da laburaren makarantarmu har ta yarda mu buga 'yar takarda mai jerin shafukan da mutane ke rubutawa da kansu, kowanne da bayani layi biyu. Na tura wa mutum ashirin, har da kai, cewa kowa ya aiko da bayanin shafinsa, alhali takardar goma sha biyu kawai za ta ɗauka.

Da amsoshin suka iso, mutum goma sha huɗu sun ce shafinsu na ilimantarwa ne, da faɗakarwa, da nishaɗantarwa. Mai kiwon kaji haka ya ce. Ungozoma haka ta ce. Ƙungiyar da ke yashe magudanun ruwan unguwarsu ma nishaɗantarwa take yi! Mai laburare ta jera takardun a kan teburinta, ta sauke tabarau, ta tambaye ni ko uwa ɗaya ce ta haife su duka. Na yi dariya tare da ita, har idona ya faɗa kan naka a tsakiyarsu, kalmomin nan uku cif, ka ƙara da cewa kowa da kowa zai amfana.

Don kada a ce son kai, sai muka naɗe sunayen, muka baza takardun a dogon teburin karatu, muka ce ɗalibai su ɗauki wanda za su so su buɗe. Suka yi rububin na wani direban motar haya. Shi cewa ya yi shekara goma sha takwas yana tuƙi, kuma duk abin da fasinja ya manta a kujerar baya yana rubuta labarinsa, daga takalmi wari ɗaya har haƙoran roba. Sai da na raba faɗa a kan takardar nan. Naka kuwa ko juya shi ba a yi ba. Wata ɗaliba ma ta ce da ni, wai Malama ai irin wannan shi ake karantawa idan barci ya ƙi zuwa.

Abin ya yi mini ciwo, domin na san abin da ke cikin shafin. Kai ne ka zauna kana juya tsohon littafin Baba shafi-shafi, inda yake rubuta ciwon kowane agogon da aka kawo masa gyara da halin mai shi. Kai ka ba da labarin tsohon nan da ke kawo agogonsa duk wata alhali lafiyarsa ƙalau, Baba ya maƙala gilashin ido ɗayan nan, ya buɗe, ya hura, ya rufe, don dai tsohon ya samu wurin zama da abokin hira. Na karanta wa Inna, ta sa na maimaita sau biyu. Duk wannan kana da shi a hannu, amma a bakin ƙofa ka tari baƙo da maganar da kowa ke yi. In kana da kyau, ai sai ka ƙara da wanka.

Mai laburare ta ba ni zuwa Alhamis. Ta ce duk bayanin da ya yi kama da na wani za ta cire shi, ko ƙanin wane ne, kuma ban ga laifinta ba. Kada ka ce in rubuta maka. Na gwada sau uku a ɗakin malamai, duk sai yabon Baba ke fitowa, mai gaskiya, mai haƙuri, abin da kowace 'ya za ta faɗa a kan ubanta. Ni makaranta nake lokacin da kake zaune a gefen bencinsa kana riƙe masa gwangwanin ƙananan ƙarafa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Saboda haka ka gwada da kanka. Ka faɗi wanda ke rubutu, ka faɗi abu ɗaya da ba a samu ko'ina sai a wurinka. Sannan ka karanta wa wani abokin aikinka da bai taɓa jin sunan Baba ba. In ya ce ma sha Allah ya ci gaba da aikinsa, ka yaga ka sake. In ya ɗago kai ya tambaye ka wane tsoho ne wannan, to shi za ka turo mini.

Ka gaida maiɗakinka da Kawu Tela idan ka leƙa shagonsa. Yaya Babba da Goggo suna gaishe ka. Inna ma tana gaisuwa, ta riga ta gaya wa maƙwabta cewa sunan Baba zai fito a takardar makaranta, har tana tambaya ko za a sa hotonsa. Ban ba ta amsa ba tukuna.

Taka har kullum,
Yayarka Malama